Barmo da Sunan Ɗan Fari

To Hafsat, gyara zama ki ɗora bik bisa takarda, yau Barmo za mu ɗauko. Yadda maganar ta hito bakina haka za ki aje ta, kar ki yi mata kwalliyar lakol irin ta ƴan boko.

Barmo mutumin Garin Jaye ne, wani ɗan ƙauye gabas da Cadawa, in ka sauka kwalta ka bi rairayi. Kakanninshi daga ƙasar Katsina sunka hauro da jakuna, sunka sari daji sunka zauna. Shi ya tashi ya iske gona, bai kuma taɓa leƙa wata sana'a ba. Gero don ciki, aya don aljihu. Lokacin cirar aya, in an ƙone ganye ana tankaɗe ƙasa da rariya, sai ka ga Barmo ya shigo gari hurtu-hurtu kamar an tono shi, ido da haƙora kawai ka gane. Amma ko a haka bakinshi na aiki.

Don Allah ya yi ma Barmo baki. In ya tare ka da gaisuwa da hantsi, azahar za ta iske ku bai kai ga tambayar iyali ba. Ya san sunan kowa tun daga Agye har Gazawa, da na ubanshi, da na kakanshi, da abin da ya kai kakan gaban alƙali. Har bijiman noman mutane ya san sunansu. Suna ɗaya tak bakinshi ba shi kamawa, na ɗanshi na fari.

Ku ƴan yanzu kuna ɗaukar ɗan fari kuna cilla shi sama kuna yi mashi hoto. A namu tashin, ɗan fari abin kunya ne. Ba ka kiran sunanshi, ba ka ɗaukar shi gaban mutane, in an yabe shi sai ka duba ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, kawaici ne. Kowa kuwa da iyakarshi, in yaro ya yi gemu uba kan ɗan sassauta. Barmo shi da haƙori ya riƙe abin.

Ranar suna tun da asuba ya saɓi hauya ya tahi gona, ga shi tsakiyar rani ne, babu abin yi can sai kallon kara. Liman ya raɗa ma jariri Ubaidullahi. Da anka yaye shi, Cindo ƙanen Barmo, mai yatsa shidan nan, ya ɗauke shi, darni ɗaya ya raba gidajensu. Daga ranar sunan yaro wajen Barmo ya koma "na gidan Cindo".

In shina son yaron shi kai shanu rijiya, ba shi kiran shi. Sai shi tsaya tsakar gida shi dubi rumbu shi ɗaga murya: "Shanun gidan ga dai ƙishirwa za ta kashe su, tunda babu mai imani." Jim kaɗan ka ga Ubaidu ya zagayo ya kwance su. Shekarar da yaron ya ci satifika a lakol, Barmo ya kada akuya, anka ci nama har maƙwabta. Anka ce, Barmo, murnar mi ake? Ya ce wace murna, akuyar ce ta cika ɓarna. Matarshi Shatu kuwa ta hi shi. Ita ko wani Ubaidun daban anka kira a titi, sai ta ja mayahi ta ƙara sauri.

Haka yaro ya girma, dogo, mai sanyin magana, ya sayi babur shina kabu-kabu tsakanin Cadawa da Gazawa da Gangara.

Sai zamani ya juya. Anka fara jin ƴan bindiga na ƙetaro iyaka, can wajen Gidan Runji, su kore shanu, su ɗauki mutum sai an fanshe shi. Ana kuma jin suna zawarcin samari, wanda zaman banza ya ishe shi ko wanda anka ɓata ma rai, su ja shi daji. Gwamnati da wani purje, wato ƙungiyar masu agaji, sunka ce gara a tare ruwa tun bai kai gwiwa ba. Anka kafa komite na zaman lahiya gari-gari: maigari, liman, ardon Hilani, mata, samari. A Garin Jaye Ubaidu anka ba shugabancin samari, don shina da babur, shina jin Hillanci, kuma ko ka taka shi sai shi ce maka sannu. Aikinshi shi bi ruga-ruga, shi bi fadar samari inda suke shan shayi, shi saurara, in ƙaramar rigima ta taso shi kashe ta kahin ta yi ƙaho. Purje ya ba shi portabul, wayar hannun nan. Barmo ya san duk wannan, ko sawun tayar babur ɗin ya gani bisa rairayi shina gane shi. Amma bai taɓa nuna ya sani ba.

Da tahiya ta yi nisa, masu purje da mutanen gwamnati sunka ce to, a jehwa guga a ga ko rijiyar ta kawo ruwa. Sunka aiko masu tambaya su bi gida-gida su auna: hukuma ta sa hannu ƙwarai ko da baki ne, talakawa sun rungumi abin ko kallo suke. Da Barmo ya ji, ya ce shi dai shina son shi ga tiyar da ake auna wannan.

Wanda ya zo garinsu wani saurayi ne daga Maraɗi, Mushe Haisam, mai ladabi, riƙe da wani allon gilashi da ake shahwa da yatsa. Ba kowane gida suke shiga ba, tsallake suke, sai ƙuri'a ta faɗa gidan Barmo. Barmo ya shige ɗaki ya zuro rigar Juma'a.

Haisam ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baba, tambayoyin ga sirri ne, ko suna ba mu sawa. Mu shiga zaure daga ni sai kai."

"Sirri? Maganar da zan aika ma gwamnati? A kai tabarma gindin iccen bedi, kowa shi zo shi ji."

Haisam ya yi, ya yi, Barmo ya ƙi. Anka shimhiɗa tabarma, rabin gari ya kewaye su.

"Baba, ka san da komiten zaman lahiya? Za ka ce sosai, ko kaɗan, ko sam."

Barmo ya gyara hula ya ɗauko zancen tun daga rijiyar da kakanshi ya gina tare da Hilani. Haisam na riƙe da yatsa sama shina jira, har yatsan ya gaji.

"Wato sosai ke nan, Baba?"

"Kai yaro, duk abin ga da na faɗa cikin sosai ɗaya za ka cusa shi?"

"Gurbin ke nan. To hukuma na zuwa taronku?"

"Mer, magajin gari, ya taɓa zuwa, ya sha hura, ya yi jawabi ya tahi. Sa kaɗan. Amma in da wuri ka ƙara cewa ya yaba hurar."

Ana ta dariya, Barmo na jin daɗi kamar ango. Sai anka zo kan tambayoyin samarin gida. Ya lissafo ɗiyanshi tas, har da autan da ko wando bai fara sawa ba. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Barmo, ka tsallake babba!"

Haisam ya ce, "Ashe akwai babba. Shina ina yanzu?"

Barmo ya ɗaga kai sama. "Bedin ga na son sassabe."

"Baba, babban nake tambaya."

"Wa ya sani? Ana tsare mai babur?"

"Kukan zauna ku yi hira da shi?"

"Ni da shi? Tunda anka haihe shi magana ba ta taɓa gama mu ba."

"Da su wa shike hulɗa?"

"Mutanen daji dai. In ya hita yau sai a kwan biyu ba a gan shi ba. Kwanaki ma an ce ya shigo da sabuwar portabul, ni ban tambayi inda ya samo ta ba."

Haisam ba wawa ba ne. Ya yi murmushi ya rage murya ya ce, "Baba, ko dai kunyar ɗan fari ce? Kakata ma haka take yi ma babana. Gaya mani in san abin da zan sa."

To nan fa Barmo ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce i, ya amsa ke nan gaban gari cewa ɗan nashi ne, kuma shina ji da shi. Ya dubi jama'a, jama'a na dubanshi. Ya buga tabarma ya ce, "Kunyar wa? Ni ba ni da wani ɗa can! Ku tambayi Cindo."

Haisam ya gane, ya shahe wurin ya wuce gaba. Allon gilashi bai cuci kowa ba. Mutanen gari ma dariya sunka yi, sun san halin kayansu. Amma cikin taron akwai wani baƙon dillalin aya da ya zo ganin buhuna, bai san Barmo ba, bai san Ubaidu ba, ga shi da kunne kamar faranti.

Ran kasuwar Cadawa anka ji wai wani tsoho ya sallama ɗanshi gaban mutanen gwamnati. Kahin magana ta kai Gazawa, an gano Ubaidu ne ɗan, wai kuma ya shiga daji. A Gangara har an samu wanda ya gan shi da idonshi rataye da bindiga. Shi kuwa Ubaidu duk wannan bidiri shina can wata ruga shina sasanta wani manomi da shanu sunka cinye ma wake. Ya gama, ya hau babur, shina isowa shingen jandarma anka ce sauko.

Ba za ka ga laihinsu ba. A irin wanga lokaci magana irin wagga ba a taka ta a wuce. Ba su taɓa shi ba, sun dai zaunar da shi sun kulle babur. Maigari Hambali ya je, Cindo ya je, har Mushe Haisam da ya ji labari ya zo da kanshi ya ce shi ne ya yi tambayar, kunya ce kawai irin ta tsohi.

Kumandan ɗin jandarma ya saurare su duka ya ce, "Na yarda da ku. Amma babu ubanshi cikinku. Bakin uba ya ɗaure shi, bakin uba za shi kwance shi. In na sake shi da maganarku, kasuwa za ta ce an rufa ne, ba mai sake hawan babur ɗinshi, ba rugar da za ta sake shimhiɗa mashi tabarma. Tsohon shi zo gobe da sahe shi faɗa gaban mutane. In bai zo ba, dole in miƙa yaron Maraɗi su bincika can, kun kuwa san tahiya Maraɗi ta hi dawowa sauƙi."

Cindo ya dawo gida ya iske Barmo zaune shina gyaran rariya.

"Yaya, bakinka ya ɗaure yaro."

"Wane yaro?"

Cindo ya cire hula ya maka ta da ƙasa. "Wallahi Yaya in ka sake ce mani wane yaro, yau sai an raba mu! Ni na goya, ni na yi kaciya, ni na kai lakol, yau an ce goyo bai isa ba, mai shi ake nema. Sai ka tashi."

"Ka ce masu ba ni lahiya."

"Bakin ne ba lahiya?"

Shatu na bakin murhu, ta ba su baya. Ita da ba ta taɓa sa baki cikin zancen yaron ga ba tun shina tsumma, sai anka ji ta ce, ba ta ko juyo ba, "Malam, ka je."

Barmo ya aje rariya. Ranar bai ƙara magana ba, har maƙwabta sunka leƙo ko lahiya.

Wanshekare sunka isa. Labari ya riga su, harabar jandarma cike da ƴan kallo, masu kabu-kabu, masu tallar ƙosai, har da Hilani bisa sandunansu. Ubaidu na zaune bisa benci ya sunkuyar da kai. Anka ba Barmo kujera, ya ɗauke ta ya juya, ya ba benci baya ya zauna shina kallon bango.

Kumandan ya ce, "Baba, juyo ka dubi mutumin ga. Ka san shi?"

"Ranka shi daɗe, nakan ga wucewarshi."

"Ɗan wa ne?"

"Gidan Cindo ya tashi."

"Ban tambaye ka inda ya tashi ba. Wa ya haihe shi?"

"Mace."

Wuri ya ɗauki dariya, wani jandarma har da shigewa bayan ƙohwa. Kumandan ya dahe goshi. Ya ce, "Baba, ni ma ɗan fari ne. Ubana har ya koma ga Allah 'kai wane' shike ce mani. Na san abin. Amma kai ka kai shi inda ba a kai shi. Ina son ka ce ɗanka ne, ka faɗi sunanshi, ka faɗi abin da ke kai shi daji. Shi ke nan ku tahi gida."

Barmo ya ce, "Cindo shi faɗa, ni in ɗaga kai."

"A'a."

"To a rubuta, in dangwala yatsa."

"Yatsa ka sa ran nan gindin bedi?"

Zuhwa ta fara bin wuyan rigar Juma'ar Barmo. Kumandan ya duba agogo, ya leƙa taga ya ce, "A tada mota."

Mota ta yi tari ta kama. Barmo bai juya ba, amma da wutsiyar ido ya ga Ubaidu ya miƙe, ya duƙa shina zura takalmi, babu gardama babu roƙo, kamar wanda anka aika rijiya. Ya ji ya ce ma Cindo, "Baba ƙarami, a kula da babur, kar rana ta ci tayar."

Sai Barmo ya tashi tsaye, kujera ta kihe.

"Ranka shi daɗe, a kashe motar ga. Ɗana ne."

"Ban ji ba, inji na ƙara."

"Ɗana ne! Ni na haihe shi!"

"Sunanshi?"

Barmo ya buɗe baki, iska ta hito. Ya sake buɗewa. "U... Uba... Ubai..."

Cindo ya riƙe mashi kahwaɗa ya ce, "Yi nishi Yaya, kai ya hito."

"UBAIDULLAHI!"

Yadda ya kwarara shi, mai ƙosai sai da ta saki matsami cikin mai. Kumandan ya ce alhamdu lillahi, ya ɗaga hannu a kashe mota. Shi a zatonshi an gama. Bai san ya ɓalle bakin tabki ba.

"Ubaidullahi ɗan Barmo jikan Jaye! Shekarar fara anka haihe shi, ranar Laraba. Haƙorinshi na fari ana cirar aya ya hito. Da ƙyanda ta kama shi, ni na taka har Agye da ƙahwa na sayo magani, na rataye bisa darnin Cindo na ce tsintuwa na yi. Yaron da ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba! Daji da shike zuwa, sulhu shike kaiwa. Ga Hilani nan tsaye, ku tambaye su wa ya kashe rigimar burtali bara. Samarinmu da wani baƙo ya zo shina hure ma kunne da wa'azin banza, wa ya yi ta zama da su shina shan shayinsu mai ɗaci har sunka watse mashi? Portabul kuwa purje ya ba shi, ina bayan rumbu anka miƙa mashi, har na ji ya ce mersi!"

"Baba, ya isa."

"Bai isa ba, ranka shi daɗe, ban zo kan nomanshi ba. Kunya ɗaya in ya kama..."

Ubaidu ya ja hula ya ruhe huska, ya rasa inda za shi sa kanshi. Mutumin da bai taɓa jin ko sannu daga bakin ubanshi ba, yau ga shi ana yi mashi kirari gaban kasuwa. Ya matsa kusa da tebur ya ce, "Kumandan, don girman Allah, ko ku tsai da shi ko ku kai ni Maraɗin."

Kumandan na share hawayen dariya ya miƙa mashi makullin babur. Haisam ya matso ya ce, "Haba Baba, da haka ka gaya mani ran nan ai da duk ba a yi wannan ba."

Barmo ya harare shi. "Kai ka tada mota?"

Kasuwar da ta kai waccan magana ita ta kai wagga, ta ma hi saurin kai ta. Ubaidu ya koma kan aikinshi, har yau shi ke riƙe da samarin komite, fasinja kuwa sai da ya rinƙa zaɓe, kowa na son a hau a tambaye shi ranar da haƙorinshi ya hito. Barmo na nan da ranshi, ya tsuhwa, ya bar ma yara tankaɗen aya, bakin dai bai tsuhwa ba.

Amma ranar, da sunka koma gida, Shatu ba ta hito tarbo ba. Sai da mutane sunka watse ta kawo mashi hura ta aje, ta juya baya.

"An ce yau ka zubda girmanka gaban kasuwa."

"Ba a yi ƙarya ba."

Ta murza bakin zane. Can ta ce, "To... ya shike a baki?"

Barmo ya kurɓi hura ya goge gemu, ya yi tunani. "Tsawo gare shi. Sai da na huta a tsakiya. In za ki gwada, ki fara cin abinci."

"Allah shi kiyashe ni," in ji Shatu, ta ɗauke ƙwarya tun bai gama sha ba.

Matar Cindo dai ta rantse da la'asar ta ji ta daga bayan darni tana daka, tana gwada sunan a hankali gaɓa-gaɓa, duk saukar taɓarya gaɓa ɗaya. Shatu ta ce ƙarya take yi mata, waƙar daka ce.